Gonarka tana da takarda?



Kowa ya san abin da ke faruwa da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ƙofar mai gari ta cika. Ƙofar sarki ta cika. Wanga ya ce an ci mashi iyaka. Wancan ya ce gonar ubanshi ce anka riƙe, an ƙi mayar mashi. Wani ya ce saye ya yi, ɗayan ya ce a'a, jingina ce. A nemi shaida, sai a ce dattijon da anka yi maganar gabanshi ya rasu bara. Kafin a gama, an yi ruwan shuka. Maƙwabta sun shuka, hatsinsu ya fito, su kuwa masu rigima suna zaune gindin icce suna jiran a kira su. Wata gonar ma hana kowa taɓa ta ake yi sai an raba gardama. Damana ta wuce ke nan, gida biyu rumbu wayam.

A kan wagga magana za mu tsaya yau. Me ya kawo yawan rigimar gona a ƙasarmu? Wace takarda ce ke tsare gona? Wa ke ba da ita? Ku karanta a hankali. Wanda ya iya ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna.

Da can daji ya fi mutane yawa

Tsofaffi suna da gaskiya in sunka ce su ba su san takardar gona ba. A zamaninsu ba a bukatarta.

Bayan da masu jihadi sunka ci Katsina a 1807, sarakunan Katsina na da sunka yo arewa da mutanensu, har sunka zauna Maraɗi, bakin gulbi, wajen 1819. Shekara da shekaru ana yaƙi. Mutane suna cikin garuruwa masu kariya kusa da gulbi, ba mai yarda ya yi nisa da gari. Da yaƙi ya ƙare, farkon zamanin Nasara, sai jama'a sunka bazu bisa tudu. Mutum ya je ya gai da sarki, ya ɗauki gatari, ya sari daji gwargwadon ƙarfinshi. Inda gatarinshi ya tsaya nan ne iyakarshi. In gona ta gaji a bar ta ta huta, a sari wata. Wa zai yi faɗa a kan abin da ke ko'ina?

Sai zamanin gujiya ya zo. Da kuɗin gujiya ake biyan lanho, da su ake aure. Gonaki sunka ƙara faɗi. Mutane kuma sunka yi ta ƙaruwa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da 440,000 a gundumar Madarumfa, ban da birnin Maraɗi. Suna zaune cikin kwamin 6: Madarumfa, Ɗan Isa, Gabi, Jiratawa, Safo da Sarkin Yamma. Daga 2012 zuwa yau an yi haihuwa da yawa. Ƙasa kuwa ko taki ɗaya ba ta ƙaru ba.

Mu yi lissafi irin na makaranta. A ce kakanka ya bar hekta 12 da ɗiya maza 4. Kowa ya sami hekta 3. A ce kowanensu shi ma ya bar ɗiya maza 4. Hekta 3 a raba gida 4, ba wanda ya cika hekta guda. Kuma ba mu sa rabon ɗiya mata ba. To, shi ya sa yanzu ake zuwa gaban sarki saboda kunya biyu ta hatsi.

Dajin da ya rage, irin na Babban Rafi da gandun dajin da ke kusa da tabkin Madarumfa, ba na sara ba ne, yana hannun hukuma. Fadama kuwa ta zama zinariya. Tun da anka gina madatsar ruwa a Jibiya, cikin Nijeriya, a ƙarshen shekarun 1980, gulbi ba ya malala bisa fadama kamar da. Wurin da ruwa ke kusa, inda za a gina rijiya a yi garka da rani, kowa shi yake so. Ga kuma birnin Maraɗi kusa da mu. Ƴan kasuwa da ma'aikata suna fitowa da kuɗi a hannu suna neman gona. Su in sunka saya, ba su tashi sai da takarda. Talaka ne kaɗai ya rage yana cewa: "Ai kowa ya sani tawa ce."

Aro da jingina, nan gizo ke saƙa

Rigimar da ta fi wuyar rabuwa ba ta iyaka ba ce. Ta aro ce da ta jingina.

Ga yadda takan faru. Baƙo ya sauka gari, ko ɗan uwa ya rasa wurin noma. Mai gona ya ce: "Ga wanga yanki, ka noma." An yi don Allah. Shekara 10, shekara 20, mai aro yana noma, yana zuba taki, har ya bar itatuwa sun girma. Mai gona ya rasu, mai aro ya rasu. Ɗiyan mai aro sun buɗe ido sun ga ubansu cikin gonar. Ɗiyan mai gona kuma an faɗa masu tasu ce. Duk cikinsu ba maƙaryaci. Kowa abin da ya ji yake faɗi.

Akwai tarihi a bayan wanga ruɗani. A watan Disamba na 1974 shugaban ƙasa Seyni Kunce ya yi jawabi, ya ce duk wanda ke noman gona, ko ta wace hanya ya same ta, ta zauna hannunshi. Nufinshi ya taimaki talaka da ke noma ƙasar wani. Amma maganar ta haifi wani abu. Masu gona sunka ji tsoron ba da aro. Waɗansu masu aro sunka riƙe abin da anka ba su amana. Da Kunce ya rasu a 1987, masu gona na asali sunka dawo suna neman abinsu. Har yau akwai rigimar da in ka bi saiwarta, can za ta kai ka.

Jingina kuwa yunwa da rashin lafiya ke kawo ta. Hatsi ya ƙare tun kafin damana, ko yaro yana kwance likita. Mai gona ya karɓi kuɗi, a ce jika 50, ya ba da gonar. Ran da ya maido kuɗin ya karɓi abinshi. Amma baɗi ma shekara ba ta yi kyau ba, ya koma ya ƙaro jika 30. Baɗin baɗaɗa ya ƙaro 20. Ran nan mai kuɗi ya ce: "Ai abin da na ba ka ya kai kuɗin gona, na saye." Nawa anka karɓa? Yaushe? Da wane sharaɗi? Ba a rubuta ba. Gonaki da yawa ta wagga ƙofa sunka bar gidajensu, ba a taɓa yin cinikinsu ba.

Abin da doka ta ce

Ran 2 ga watan Maris na 1993 gwamnati ta fitar da doka mai lamba 93-015. Ita ce tushen kundin tsarin karkara, wanda ma'aikata ke kira Kod Rural.

Babban abin da ya kamata manomi ya riƙe cikinta shi ne wanga: gonar da ka gada kaka da kakanni taka ce a idon doka. Mallaka ta gargajiya da mallaka ta takarda, doka ta ba su kariya ɗaya. Ke nan takarda ba ita ke ba ka gona ba. Gona taka ce tun da. Aikin takarda ta tsaya maka shaida ran da shaidunka na baki ba su nan.

Don wanga aiki anka kafa kwamitin kula da ƙasa, wanda aka fi sani da Kofo. Hawa uku gare shi a kusa da mu. Akwai na gari, Kofob, mai gari ne shugabanshi. Akwai na kwamin, Kofokom, a hannun shugaban kwamin. Akwai na gunduma, Kofodep, a hannun perefe, nan Madarumfa.

Na gari shi ne naku. Ban da mai gari, akwai magatakarda wanda ya iya karatu da rubutu. Akwai wakilin manoma, da na makiyaya, da na mata, da na samari. Inda ake su ko saran icce, su ma suna da kujera. An yi haka don kada mutum ɗaya ya zauna cikin zaure ya rubuta abin da ya ga dama. In a garinku ba a kafa shi ba, ko an kafa ya yi barci, ku tambayi na kwamin. Kuma a gaskiya, da yawa sun yi barci. Wani wurin littafin yana cikin akwatin mai gari, shekara uku ba a buɗe shi ba. Ba laifin mai gari kaɗai ba ne. In ba wanda ya zo neman takarda, wa zai buɗe littafi?

Ku lura da abu guda. Kofo ba gidan shari'a ba ne, ba ya yanke hukunci. Aikinshi ya rubuta abin da kowa ya yarda da shi tun ana zaman lafiya.

Wace takarda za ka nema?

Ya danganta da yadda gonar ta zo hannunka. In gado ce, ka nemi takardar shaidar mallaka ta gargajiya. In saye ne, akwai takardar saye. In kyauta ce, akwai ta kyauta. Waɗanga uku suna cewa gona ta wane ce. Sauran uku kuwa, ta haya, da ta aro, da ta jingina, suna cewa gona ta wane ce, amma tana hannun wane zuwa lokaci kaza.

Mutane sun fara sabawa da takardar saye, don mai saye ba ya yarda sai da ita. Ta aro da ta jingina su ne ake ƙyalewa, alhali su sunka fi amfani ga talaka. Takardar aro tana tsare mutum biyu. Mai gona ya kwana da sanin ɗiyanshi za su karɓi abinsu. Mai aro kuma ya san ba za a kore shi ba bayan ya gama kai taki, kafin wa'adi ya cika. Har ma tana sa a ƙara ba da aro, tun da tsoro ya kau. A cikinta a faɗi shekara nawa. A faɗi ko mai aro yana iya gina rijiya ko dasa icce. A faɗi wa ke da kara da harawa bayan girbi, don shi ma yanzu kuɗi ne.

A takardar jingina a rubuta kuɗin da lamba. In an ƙara kuɗi daga baya, a koma a rubuta ƙarin, ko jika 5 ne. Kada a ce ai kaɗan ne.

Wani zai ce: "In na ce ma ɗan uwana mu yi takarda, zai ce ban yarda da shi ba." Wanga nauyin baki shi ya cinye gonaki. Ku tambayi malamanku. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da kafa shaidu. Ba don ku biyu ake rubutawa ba. Don ɗiyanku ne, waɗanda ba su nan ran da kunka yi magana.

Ga yadda ake yi. Ka je wurin mai gari ka faɗi bukatarka. A sanar da gari, don mai magana ya fito tun da wuri. A kira maƙwabtan gona, na gabas da na yamma, na kudu da na arewa. A je gonar da ƙafa, a zagaya iyaka gaban kowa. Kada ka yarda a cika takarda cikin zaure ba a taka gonar ba. In gonar gado ce da ba a raba ba, sai magada duka sun sani, maza da mata, har da wanda ya tafi bida Kano ko Libiya. Ɗan uwa ɗaya ba shi da ikon sayar da abin da ke na kowa. Wanda ya sayi irin wagga gona ya sayi shari'a da kuɗinshi.

In kowa ya yarda, magatakarda ya cika takarda. Masu magana da shaidu su sa hannu ko su dangwala yatsa. Mai gari ya sa hannu ya buga hatimi. Ba guda ɗaya ake yi ba. Kai da taka, abokin maganarka da tashi, sauran a aje wurin Kofo, a gari da kwamin da gunduma. In taka ta ɓace ko ta ƙone, akwai inda za a duba. Akwai ɗan kuɗin da ake biya. Ka tambayi adadinshi gaban mutane, ka karɓi rasi.

Wanda ke son abin da ya fi wanga ƙarfi, kamar mai garka a fadama, sai ya kai buƙatarshi Kofodep. Su za su zo su auna gonar, su zana taswirarta, su yi shela, su ba da lokaci ko akwai mai ja. In ba kowa, su shigar da ita babban littafin ƙasa na gunduma, su ba shi takardar mallaka.

Bayan takarda, a gyara iyaka. A dasa gamba ko aguwa, ko a bar itatuwa bisa layi. Yakuwar da ake shukawa a iyaka tana da kyau, amma shekara guda take yi.

Rabon mata

A da, mai gida yana da gandu, matanshi da samarin gida kowa yana da gamana. Da abin gamana mace ke yin biki, ta sayi akuya, ta rufa ma gida asiri in rumbun gandu ya ƙare. Da ƙasa ta yi ƙaranci, gamanar mace ita anka fara karɓewa. Wani bincike da anka buga a 2004 ya iske a Jiratawa akwai mata da yawa da ba su noma sam, har da ƴan mata da sunka tashi ba su iya aikin gona ba. Waɗansu mazan sun ce kulle ne. Matan kuwa sun san gonar ce babu.

Gamana aro ce. In aure ya mutu, ko miji ya rasu, tana iya tafiya. Abin da ke na mace na kanta shi ne wanda ta gada, ko ta saya, ko anka ba ta kyauta. Addini ya yanka ma ɗiya mace rabin rabon ɗa namiji. Matar mamaci tana da ɗaya cikin 8 in akwai ɗiya, ɗaya cikin 4 in babu. In matan sun fi ɗaya, su raba wanga kaso tsakaninsu. Gona tana cikin abin da ake gado, kamar yadda shanu da tufafi suke ciki. Dokar 1993 ita ma ba ta bambanta namiji da mace ba wajen samun ƙasa.

Sau da yawa mace kan bar rabonta hannun yayanta ko ƙanenta, don tana aure wani gari. Ba laifi. Zumunci ne. Amma ƴar uwa, ki sa a rubuta rabonki da sunanki, sa'an nan ki ba shi aro da takarda. In ba haka ba, ran da kinka dawo gida da marayu, ɗiyanshi za su ce ba su san zancen ba. Haka kuma ƙungiyar mata da anka ba fili don garka: ku nemi takarda kafin ku gina rijiya. Fili ba ya da mai shi sai ran da zogale ya yi kore.

Inda ba a ba kowa takarda

Akwai wuraren da ba na mutum ɗaya ba ne. Burtali, da makiyaya, da mashayar dabbobi, da tabki, da gandun daji. Ko ka shekara 20 kana noma cikin burtali, bai zama naka ba, kuma ba mai ikon sayar maka da shi, ko mai gari ne. Haka filin noman rani na Jiratawa, wanda gwamnati ta gyara a farkon shekarun 1980 kuma ONAHA ke kula da shi. Nan ƙa'ida dabam ce, ba a cinikin fili kamar gonar gado.

Maganar burtali ba ta wasa ba ce. Manya suna tune da Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, maƙwabtanmu. A watan Oktoba na 1991 rigimar manoma da makiyaya ta ci rai fiye da 100 a wurin, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Ba mai son ya sake ganin irin wagga rana.

Ƙasarmu hanya ce. Dabbobi suna hawa arewa da damana, su gangaro kudu da kaka. In an toshe burtali da shuka, ta ina za su bi? In kuma makiyayi ya gangaro hatsi yana tsaye, me manomi zai ci? Don haka doka mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta shafi kiwo, ta ƙarfafa ka'idar sakin gonaki. Kowace shekara hukuma tana shawara da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya, a tsai da rana. Kafin ranar, dabbar da ta yi ɓarna mai ita zai biya. Bayan ranar, wanda ya bar damman hatsinshi ko wakenshi a gona ba shi da diyya. Mai garkar rani kuma ya yi mata shinge. Ku saurari rediyo ku ji ranar, mai gari ya sa a yi shela. In an yi ɓarna, ba a ɗaukar sanda. A kai magana gaban mai gari da arɗo, a je a gani da ido, a ƙiyasta. Turakun siminti da anka kafa gefen burtali kuwa, wanda ya tumɓuke su ya yi laifi.

Akwai wani sabon abu da ya shigo. Tun wajen 2019 ɓarayin daji masu satar shanu da mutane sun dami garuruwan bakin iyaka, musamman wajen Gabi. Dubban ƴan uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina sun ƙetaro jihar Maraɗi neman mafaka. Waɗansu namu kuma sun bar gonakinsu na nesa da gari. Mutane suna tambaya: in na bar gonata, za ta zama ta wani? Dokar 1993 ta ce in gona ta shekara 3 a jere ba a aikinta, kuma ba da wani dalili mai ƙarfi ba, Kofo yana iya ba wani ya noma ta. Amma ta ƙara da cewa rashin noma ba ya raba mai gona da mallakarshi. Wanda tsoro ya kora yana da dalili. Duk da haka, ya je ya shaida ma mai gari, a rubuta. Wanda kuma ya ba baƙo wurin noma ya yi aikin lada. Shi ma ya yi takardar aro, don alherin yau kada ya zama shari'ar jikoki.

In rigima ta riga ta tashi

Hanya a jere take. A fara da mai gari. In ta gagara, a je wurin sarkin kanto. Sarakuna sulhu ne aikinsu. Sai in sulhu ya ƙi, sa'an nan a je gidan shari'a, inda alƙali ke zama da dattawa masana al'ada.

Nan ma akwai takarda, kuma ita ce mutane ke mantawa. In an sasanta, a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu. In ba a sasanta ba, a rubuta cewa ba a sasanta ba, da ita za ka je gaban alƙali. Kada ku tashi daga fada da "Allah ya ba mu haƙuri" kaɗai.

Me ya sa? Don a ƙasarmu rigimar gona ba ta mutuwa, barci take yi. Da an yi sabon mai gari, ko sabon sarki, ko an sauya perefe, sai wanda ya faɗi jiya ya tashi ya sake gwada sa'arshi. Da siyasar jam'iyyu ta zo a farkon shekarun 1990 abin ya ƙaru. Kowa yana jiran ran da nashi za su hau. An yi zaɓen kwamin na farko a watan Yuli na 2004, anka sami magajin gari da kansiloli. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja sunka rushe majalisun kwamin, sunka naɗa masu riƙo. Ku duba mutum nawa sunka zauna kujerun nan cikin shekara 20. Wanda ya dogara da cewa yana da mutum a ofis, mutumin nashi ya tafi. Takardar da ke cikin littafin Kofo tana nan inda anka aje ta.

Waɗansu kuma da an fara gardama sai su ce a ɗauko Alƙur'ani a yi rantsuwa. Abu ne mai nauyi ƙwarai. Sau da yawa wanda ake sa ya rantse yaro ne lokacin da anka yi maganar, ji kawai ya yi. Kuma gida biyu da rantsuwa ta shiga tsakaninsu, da wuya su sake cin tuwo kwano ɗaya.

Kafin ka dangwala yatsa

Ku da ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci, nan karatunku zai yi maku rana. Yawanci da Faransanci ake cika takardun. Kada wanga ya ba ku tsoro. Suna suna ne, lamba lamba ce. Ka duba sunanka da na ubanka, an rubuta daidai? Ka duba kuɗin. Jika 50 ana rubuta ta 50,000. In ka ga 500,000, sifiri ɗaya ya ƙaru, magana ta sake. Ka duba kwanan wata, da sunayen maƙwabta huɗu. Ka sa a karanta maka kan takardar da Hausa, da ƙarfi, gaban shaidu: ta jingina ce ko ta saye? Kada ka sa yatsa bisa takardar da ke da wurin da ba a cika ba. Kai ma ka rubuta abin da anka yi cikin littafinka, da boko ko da ajami.

In ka karɓo, ka sa ta cikin leda, ka sa cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da yoyon ɗaki. Ka nuna ma uwargida da babban ɗanka inda take. Kada ka ba kowa ta asali ya tafi da ita. Mai son gani a yi mashi hoto.

Lokacin wanga aiki shi ne rani, daga an gama kai hatsi gida zuwa kafin a fara sassabe. Iyaka tana fili, maƙwabta suna da sukuni, ba wanda ranshi ya ɓaci tukuna. Malaman makarantu, ku gayyato magatakardan Kofo na garinku ran karatu, ya zo da takardun nan 6 waɗanda ba a cika ba, kowa ya riƙa da hannunshi ya ga inda ake rubuta suna da inda ake rubuta kuɗi.